Sallar Wanda Ba Ya Gida

  

Duk wadda ta leƙa kasuwar Zuru a 'yan kwanakin nan ba sai an gaya mata shekara ta zo ƙarshe ba. An kai dawa rumbu, hazo ya sauko, teloli sun daina amsa gaisuwa, masu kitso da lalle kuwa sai da layi. Motoci suna ta shigowa ta hanyar Kontagora da ta Koko, an ɗaure musu kaya har bisa. Na Legas sun iso, na Kaduna da Abuja suna hanya. 'Yan uwanmu Kirista suna shirin Kirsimeti, ga kuma Uhola da ake yi bayan an gama girbi. Mu a ƙasar Zuru ba mu san a raba biki ba. Gida ɗaya za ki tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, uwa ɗaya uba ɗaya, kwanon shinkafa ya ƙetara katanga a Disamba, kwanon naman layya ya dawo da Babbar Sallah. Masu tunawa za su tuna 2006, shekarar da Babbar Sallah ta faɗo kwanaki kaɗan bayan Kirsimeti, aka rasa gidan da za a fara shiga.

To yau ba a kan waɗanda suka iso zan yi magana ba. A kan wanda ba a gani ba ne. A kusan kowane gida akwai wanda idan an zauna cin abinci sai uwa ta yi shiru ta ce, "Allah sarki, ko me wance take ci yanzu." Wannan wancen, da ke Ingila ko Saudiyya ko Amurka, yaya take wayar gari ranar biki? Mu kuma da ke gida, me muke yi mata a ranar?

Tafiya dai ba baƙuwarmu ba ce. Kowa ya san Zuru da aikin soja, tun kakanninmu. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2025, shi kansa Manjo Janar ne. Matan garin nan sun daɗe da sanin a yi Sallah maigida yana wata uwa duniya. Lokacin da sojojin ECOMOG suka shiga Laberiya a 1990, daga baya Saliyo, sannan sojojin Najeriya suka tafi Darfur ta Sudan daga 2004, gidaje da yawa a nan sun yi biki da rabin zuciya. Ni kaina ina 'yar firamare kawuna yana Saliyo. A Janairun 1999, ana cikin azumi, 'yan tawaye suka kutsa birnin Firitawun. Sallar nan kakata ta dafa tuwo, ta raba wa maƙwabta, amma ita ko loma ba ta kai baki ba, tana zaune rediyo a kunne. Babu wayar hannu a lokacin, sai a 2001 ta shigo Najeriya, kafin ta iso mana nan kuwa an ɗan jima. Sai bayan wata biyu wani abokin aikinsa ya zo hutu da kaset. Aka tara gida, aka sa batir sabo, muka ji muryarsa yana gaida kowa da sunansa, har da akuyar kakata. Kaset ɗin nan sai da aka saurare shi har ya fara ja.

Abin da ya sa na kawo wannan, 'yar uwa, a wancan zamanin mun san wanda ke waje yana cikin wahala, saboda haka addu'a muke bin sa da ita. Yanzu masu tafiya sun canja. 'Ya'yanmu mata ne, ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, ɗalibai, da matan da suka bi mazajensu karatu. Ba a harbi inda suke. Ga waya, ga hoto, kullum muna ganinsu cikin rigar sanyi mai kyau a gaban dogon gini. Sai muka ɗauka sun huta. Daga nan addu'a ta ragu, lissafi ya ƙaru.

Bari in ba ki labarin ranar Sallah a Ingila kamar yadda 'yar ƙanwar mahaifiyata, wadda ke aikin jinya a can, ta ba ni. Da farko ki sani, Sallah ba ranar hutu ba ce a ƙasar. Ma'aikaci mai cikakken aiki yana da kwana 28 na hutu a shekara bisa doka, to a ciki zai ciri ranar Sallarsa, kuma sai ya nema tun da wuri. Ga inda gizo ke saƙa: shugabar sashe tana son a gaya mata rana takamaimai tun makonni kafin lokaci, ke kuma kin san wata ba ya yin alkawari. A nan gida muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, magana ta ƙare. A can wani masallaci yana bin Saudiyya, wani yana bin ganin watan Maroko, sai ki ga gari ɗaya an yi Idi kwana biyu. Ta ce akwai shekarar da ta ɗauki Juma'a, Sallah ta zo Asabar, ta kuma wuni a asibiti tana juya marasa lafiya.

Idan an dace ranar ta yi daidai, sai ta tashi da asuba ta sa leshinta, ta ɗaura ɗankwali, sannan ta rufe duka da ƙatuwar rigar sanyi, ta fita ta tsaya jiran bas. Masallatai da yawa ba sa ɗaukar jama'a a lokaci ɗaya, sai a yi sallar kashi-kashi, wasu su fito wasu su shiga. A manyan garuruwa irin su Birmingham akan yi a filin shaƙatawa, dubban mutane, 'yan Pakistan, 'yan Somaliya, Larabawa, Yarbawa, abin gwanin sha'awa. Amma ana sallamewa kowa ya duba agogo. Ta ce abin da ya fi taɓa ta ba rashin abinci ba ne. A'a. Ta fito cikin kwalliya, ta hau bas, ta sauka, ta shiga gida, babu mutum ɗaya da ya ce mata barka da Sallah. Babu ganga, babu hawa, babu yaran maƙwabta da za su cika ƙofa suna neman goron Sallah. Titi yana nan yadda yake jiya. Ta ce, "Yaya, na zauna bakin gado da kwalliyata, na rasa wanda zan nuna wa."

Layya ma haka. Doka ba ta yarda mutum ya kayar da rago a tsakar gida ba. Sai ki biya mahauci, a yanka a mayankar da hukuma ta amince da ita, a kawo miki naman a leda, wani lokacin sai washegari ko jibi. Babu ƙauri, babu suyar dare, babu kai da ƙafa da za a kwana ana babbaka. Shi ya sa da yawansu suke turo kuɗin gida a yanka musu a nan. To don Allah uwargida, idan an yanka ragon ɗiyarki, ki sa a ɗauki hotonsa tun yana tsaye, a nuna mata yadda aka raba, a faɗa mata gidajen da aka kai wa. Ladanta ne, kuma ita ke nan Sallar da za ta gani. Kada kuma ki wahalar da kanki da yi mata dambun nama ko kilishi ki ba mai tafiya. Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, Amurka ma ba ta yarda da naman ba. A filin jirgi za a karɓe a zubar, wani lokacin har da tara. Na san uwar da ta kwana uku tana dakan dambu, ya ƙare a kwandon shara.

Kada 'yan uwana Kirista su ce ai su sun tsira, tunda can ƙasar Kirsimeti ce. Wata ƙawata da muka yi sakandare tare, 'yar Dabai, ita ma haka ta zata. Gaskiya ne tun Nuwamba ake ƙawata tituna da fitilu, shaguna su cika. Amma ranar 25 ga Disamba garin mutuwa yake yi. A Landan ranar ko bas ko jirgin ƙasa ba ya aiki, shaguna a rufe, kowa ya kulle ƙofa da iyalinsa. Bikinsu na cikin ɗaki ne, ba a zuwa gidan mutum sai da gayyata. Ga duhu: rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. Ki kwatanta da nan, inda ƙungiyar zumuntar mata za ta fito da anko, ana kiɗa ana rawa daga coci har gida, yara suna yawo gida-gida har dare. Ƙawar tawa tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma irin wannan aiki ba ya sanin biki. Turawan da ke da iyali kusa su suke karɓar hutun, baƙi su riƙe aiki, wasu don babu inda za su, wasu don wasu wuraren sukan ƙara kuɗin ranar. Ta ce ta yi Kirsimetinta ta farko tana ba wata tsohuwa abinci a baki, tsohuwar tana kiran ta da sunan ɗiyarta da ba ta zo ba. Suka yi kukansu tare, kowa da abin da take tunawa.

Ɗalibai kuwa, lokacin karatu awa 20 kawai doka ta ba su su yi aiki a mako. Sai an yi hutu ne suke da damar yin cikakken aiki. Ashe kin ga lokacin da muke cewa suna hutu, lokacin ne suka fi tsayuwa a kan ƙafafunsu, a shago ko a ɗakin ajiyar kaya, suna haɗa kuɗin haya da na makaranta.

A Saudiyya labarin ya juya. Can Sallah hutu ce ta kwanaki, gari ya ɗauki haske. Amma wa ke dafa abincin? Yaranmu da dillalai suke kwasa da sunan aikatau, su ne ba sa runtsawa tun daga farkon azumi har bayan Sallah, baƙi na shiga na fita, wanke-wanke ba ya ƙarewa. Wadda take Kirista kuwa babu cocin da za ta je, ranar Kirsimeti ranar aiki ce kamar kowace. A nan zan ja kunne, kuma da gaske nake. Idan kina da ɗiya ko ƙanwa da ke aikin gida a ƙasashen Larabawa, ranar biki ki nace sai kin ji muryarta, ba saƙon rubutu ba. Ki tambaye ta ko fasfonta yana hannunta, ko ana biyanta. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne ko a dokar Saudiyya, amma ana yi. Idan Sallah ta wuce, mako ya wuce, waya ba ta shiga, dillalin da ya kai ta yana ta kwana-kwana, kada ki zauna kina jiran ikon Allah kawai. Akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, akwai kuma NiDCOM mai kula da 'yan Najeriya mazauna waje. A sami mai ilimi a dangi a kai ƙara.

Yanzu bari mu zo kan namu laifin, don ni ma ina ciki. Sallah saura mako uku, waya ta fara ƙara. Ɗinkin yara. Buhun shinkafa. Rago. Ankon bikin wance. Kuɗin makarantar Janairu. Kowa a dangi yana kira a ɓoye, kowa yana ganin shi kaɗai ya roƙa. Ita kuwa baiwar Allah mutum goma sha ne a kanta. Ba na cewa kada a taimaki gida. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suka turo a 2023 ya kusa dala biliyan 20, kuma a cikinsa akwai kuɗin maganin iyayenmu da na karatun ƙannenmu. A yankinmu ma, inda 'yan bindiga suka raba mutanen ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da gonakinsu, akwai gidajen da ba don ɗan da ke waje ba da tukunya ba ta hau wuta ba. Wannan gaskiya ne, Allah ya saka musu.

Amma lissafinmu yana da gyara. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Tun daga nan muka iya ninkawa. Da mun ji albashinta sai mu buga da naira, mu ce kai, wance ta zama attajira. Mun manta ba da naira take biyan haya ba. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka yakan cinye kaso mai tsoka na albashin, ga harajin gunduma, ga kuɗin ɗumama ɗaki wanda a hunturu ba a isa a kashe ba, ga kuɗin sabunta biza da ake tarawa shekara da shekaru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗalibin da daga gida ake biya masa kuɗin makaranta kuwa, faɗuwar naira kansa ta faɗo. Sannan tun Maris 2024 Ingila ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi tafiya da iyalansu. Ma'ana akwai matan da suka bar miji da 'ya'ya a nan, suna kallon yaransu cikin kayan Sallah ta gilashin waya. Irin wannan ce za ki kira ranar Idi, kafin ki ce ina kwana ki ce saƙo bai iso ba?

Hoton nan da muke gani ma, a bar ruɗuwa da shi. Na tambayi 'yar uwata me ya sa kullum take turo hoto tana dariya. Ta ce, "To in turo wanne? In Mama ta ga na rame ba za ta yi barci ba." Ta ce hoton Sallar da muka yi ta yabawa, minti biyar ta ɗauka a bakin ƙofa, ta cire kayan ta sa na aiki.

Su ma na wajen ina da magana da su, don na san ana tura musu shirin nan ta WhatsApp. Wasunku kun mai da wahalar da kuke sha hujjar yanke zumunci. Waya ta yi ƙara ku ƙi ɗauka don kuna tsoron roƙo, har tsohuwar da ba ta son komai sai muryarku ta shiga cikin waɗanda aka toshe. In babu, ku ce babu. Ku daina rantar kuɗi don a ce kun yi bajinta a gida, Janairu tana nan tafe da takardun bashi. Kuma kada ku kulle kanku a ɗaki. Duhun hunturu yana taɓa zuciya, likitocin can sun san da haka, har hukumar lafiyarsu tana ba da shawarar shan sinadarin bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, balle mu masu baƙar fata. Ku nemi 'yan uwa. Kusan kowane babban gari akwai 'yan Arewa da ke haɗuwa a Asabar ɗin da ta biyo bayan Sallah, a kama zaure, wannan ta kawo waina, waccan ta kawo tuwon semo da miyar kuka, yara su sa kaya su ga irinsu. Ƙawata ta Dabai ta ce a shekararta ta biyu ta dafa shinkafa ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarta 'yar Somaliya, matar ta tsaya tana kallonta da mamaki. Da Sallah ta zo sai ga sambusa a ƙofarta. Ta ce ranar ta ji kamar tana Zuru.

Sai batun yara, wanda shi ya fi damuna. Yaron da aka haifa a can bai san golmo ba, bai taɓa ganin kokawar Uhola ba, bai san ana durƙusawa a gaida kaka ba sai an koya masa. In an ba shi waya ya gaida tsohuwa, ita ba Turanci, shi ba Hausa ba C'lela, sai su yi ta yi wa juna murmushi har a katse. Iyaye, ko gaisuwa ce ku koya musu. Mu kuma na gida, idan yaron ya yi ƙoƙari ya karya harshe ya ce "ina wuni", kada a fashe da dariya a kira shi Bature. Daga ranar ba zai sake gwadawa ba.

To uwargida, ga abin da nake roƙo a bikin nan. Duk buƙatar da ke akwai a faɗe ta tun da sauran lokaci, a kuma haɗa baki a gida mutum ɗaya ya yi magana. Ranar bikin kanta a bar ta ta zama ta gaisuwa zalla. Ki lura da agogo: a hunturu Ingila tana bayanmu da awa ɗaya, gabashin Amurka da awa shida, Saudiyya kuwa tana gabanmu da awa biyu. Ki tambaye ta lokacin da take tashi daga aiki, kada ki tashe ta tana ramuwar barcin dare. In an samu layi, a zaga da wayar cikin gida, ta ga murhu, ta ga wanda ya yi ƙiba da wanda ya yi furfura, ta ji hayaniyar yara. A ba ta labarin gari, har da na banza: wa ya yi aure, wace ce ta haihu, bishiyar mangwaron ƙofar gida ta yi fure ko ba ta yi ba. Abin da ba ta samu a can ke nan. In sabis ya ƙi, kamar yadda ya saba yi mana, a yi saƙon murya, kowa ya sa baki, kamar kaset ɗin kawuna.

In kuma an sami mai tafiya, busassun kaya irin su kuka, kuɓewa, daddawa da yaji sun fi sauƙin wucewa, amma a tambayi dokar ƙasar tukuna, a kuma bayyana su a filin jirgi in an tambaya. A ɗaure su a gaban mai ɗauka, ya ga abin da ke ciki da idonsa, kada a ba kowa ƙulli a rufe. Daddawar dai a nannaɗe ta da kyau, leda uku ko huɗu, don 'yar uwata ta ce har yau akwatin da aka kai mata da shi bai daina ƙamshi ba, kuma ta ƙi wanke shi.

Lokaci ya yi mana halinsa. Wadda ke da ɗa ko ɗiya a waje, ta aiko mana da saƙon gaisuwarta, za mu karanta a shiri na gaba da yardar Allah. A gaida yara, a yi biki lafiya. Wassalamu alaikum.